Kurkunu da Alawayyon Kakata

Har yau ba na cin taliya. 'Ya'yana sun ɗauka iyayi ne, maigidana kuwa ya gaji da tambaya. Jiya ma da autata ta ɗago sili ɗaya fari fat tana lilo da shi, sai da na tashi na bar musu tabarmar. Kai da ka taso bayan an daina ganin kurkunu ba za ka gane ba. Ni irin abin nan na gani yana fitowa daga ƙafar mahaifina.

Ƙauyenmu yana kusa da Tozai. Rijiyar garin zartsi gare ta, saboda haka damina na sauka kowa ke komawa tabki. Damina kuma ita ce lokacin kurkunu. Ƙurji zai fito a idon sawu yana raɗaɗi kamar an ɗora garwashi, ya fashe, farar tsutsa ta leƙo. Sai a naɗe kanta a guntun kara, kullum a murza kaɗan, don in ta katse a ciki ƙafar kumbura take yi ta ruɓe. Warin ɗakin Baba, na mugunya haɗe da man shanun da ake shafa masa, har yanzu yana hancina.

Damina bayan damina haka yake kwanciya daidai lokacin noma. Ciyawa ta shanye gero, rumbunmu ba ya kai mu bazara. Har an fara zancen a sayar da gonar gado.

Kakata, mahaifiyar Baba, ita ke jinyarsa. Mace ce mai ƙyanƙyami, ƙuda ya faɗa furarta ta bar ta ke nan. Maganinta kuwa shi ne na kowa a garin: a ɗora shi a jaki a kai shi tabki ya tsoma ƙafar, raɗaɗin ya lafa. Da idona nakan ga wani abu kamar madara yana fita daga gyambon yana bin ruwa. Sannan in matsa gaba kaɗan in cika tuluna, in kai gida a sha.

A shekarar ina ajin farko na ƙaramar sakandare a Isa. Malaminmu na kimiyya ya ce kowa ya zo da ruwan da ake sha a gidansu a cikin kwalba. Na kawo namu ina taƙama, don sai da na bari ya kwanta ya yi garau. Ya ɗaga kwalbar wajen taga, ya miƙo mini madubin ƙara girma. Wasu fararen ƙwari ne ƙanana, masu ƙafafu, suna ta zillo a ciki. Ya ce abin nan mai kama da madara 'ya'yan kurkunu ne. Ƙwarin su haɗiye su, mu mu haɗiye ƙwarin, tsutsar ta yi ta girma a jikin mutum har wata damina ta zagayo. Wato abin da ya fita daga gyambon Baba shi nake ɗaukowa a kaina in zuba a randa. Ban kai bayan aji ba na amayar da kokon safe.

Da na koma gida na ƙi shan ruwa, leɓena har ya bushe.

"Ke, mi yas same ki?" in ji kakata. Da na faɗa mata ta taɓe baki. "Ruwan ga shi uwayenmu sunka sha. Kurkunu cikin jini yake, boko dai ya cika ki da tsirfa."

Sai na ɗebo daga randarta ita kanta, na zuba a kwalba, na ja ta tsakar gida inda rana take. Ta ƙanƙance ido ta daɗe tana kallo. Sai na ga tsigar hannunta ta tashi. Ta juya ta tofar da yawu, ta sake tofarwa.

"Tir!" ta ce. "Ashe ni ka kai ɗana yana zuba muna su."

Dama Malam ya ce a tace ruwan da ƙyalle mai matsattsiyar saƙa. Ɗankwalin mahaifiyata duk ya saki, ana hango rana ta cikinsa. Sabon yadi ɗaya ne a gidan, farin alawayyon da kakata ta ajiye a ƙasan adakarta don likkafaninta. Ta fito da shi ta sa haƙori ta yage kamu guda.

Baba daga kwance ya ce, "Inna, likkahwaninki ne hwa."

"Na sani. Wanda za shi ruhe ni ya samu ƙahwar tsayawa tukuna."

Daga ranar ta hana a kai shi tabki. A bokiti yake tsoma ƙafar, a zubar a juji. Takan zauna a hanyar tabkin da sandarta tana korar masu gyambo, har aka riƙa cewa tsohuwa ta zautu. Da damina ta dawo kurkunu ya sake fito wa Baba, don wanda aka riga aka sha dole ya fito. Dariyar da aka yi mata ba kaɗan ba ce. Ba ta kula kowa ba, in ƙyallen ya tsufa sai ta sake yagowa.

Damina ta gaba Baba bai kwanta ba. Shi ya yi shuka, ya yi noman fari da maimai, aka daina zancen sayar da gona. Bayan an gama kai gero rumbu kakata ta rasu. Da mata suka buɗe adakar, abin da ya rage na alawayyon bai isa ya rufe ta ba, sai da maƙwabta suka cika.

Yanzu kurkunu ya zama hoto a littafin kimiyyar 'yata, tana kallonsa tana cin abinci ko a jikinta. Ƙauyen namu kuwa 'yan bindiga sun watsa shi, mutanenmu da suka gudo gari wasunsu a kududdufi suke ɗibar ruwa. Ruwan famfo nake sha, amma bakin randata ba ya rabuwa da farin ƙyalle. Duk sanda na ɗaura shi, Baba nake gani ranar jana'izar, ya ƙi bari kowa ya karɓe shi, yana ɗauke da makarar mahaifiyarsa da ƙafafunsa har maƙabarta.