Abokin Gardamar Mai Rediyo

Shagon Mai Rediyo manne yake da nawa, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma katangar ba ta iya riƙe sirri ba. Ni robobi nake sayarwa, bokiti da kofuna da kwandunan shara. Shi kuwa gyaran rediyo yake yi tun kafin a haife ni, har sunansa na ainihi ya ɓace a bakin mutane. Ina ce masa Baba, shi kuma ya ce mini 'yar nan, duk da cewa 'ya'yana sun fi ni tsawo.

Shagon nasa ɗan tsukuku ne, mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Kantoci cike suke da rediyoyin da masu su suka kawo gyara ba su dawo ba, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya. Kullum wurin warin narkakkiyar darma yake. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ɗaya tilo tana aure a wani gari mai nisa, ɗakin da yake haya kuwa kwana kawai yake kai shi. Sana'ar ma ta ja baya, wa yake gyara rediyo yanzu? Amma kullum da safe zai buɗe, ya share ƙura, ya ɗauko ɗaya daga cikin marayun nan ya kwance mata baya.

Abin da ya riƙe shi a layin nan ba sana'a ba ce, Tela ne. Shagon Tela yana kallon nasa, lungu ne kawai tsakani, kuma tun da na san su ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba. Idan Mai Rediyo ya ce hadarin nan zai zubar da ruwa, Tela zai ce iska ce kawai, ko ɗaga kai daga keken ɗinki ba zai yi ba. Akwai wata kyanwa da take kwana a dokin ƙofarmu, suka shekara suna musu ko mace ce ko namiji. Da ta haihu muka ce to, magana ta ƙare. Ina! Tela ya ce ai wata ce ta zo ta ajiye masa 'ya'yan ta gudu. Baƙo idan ya ji su sai ya ɗauka za a ba hammata iska, alhali shayi ɗaya suke rabawa a kofi biyu.

Wata safiya shagon Tela bai buɗe ba. Kafin rana ta take labari ya iso: ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta sarƙe. Mai Rediyo ya je asibiti sau ɗaya. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya hangi bakin abokinsa a karkace, ya juyo. Da aka sallami Tela, babban ɗansa ya ɗauke shi zuwa gidansa a can ƙarshen gari, Mai Rediyo kuwa bai taka ba.

Mutanen layi suka yi ta zaginsa a bayan ido. Ni a gaban ido na yi nawa, don ba na iya haɗiye magana. Na ce masa wannan ba hali ba ne, abota ba ta lokacin lafiya kaɗai ba ce. Ya daɗe yana juya sukundireba a hannu kafin ya amsa.

"'Yar nan, in je in ce masa me? Mutumin da zan yi magana ba zai ce mini ƙarya nake ba?"

Daga nan layin ya yi shiru, irin shirun da yake sa mutum ya ji ƙarar cikinsa. Sai Mai Rediyo ya kunna rediyo uku a lokaci guda, kowace da tasharta, ya zauna a tsakiyarsu yana kallon rufaffen shagon da ke gabansa. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma bai sake ni ba.

Da 'yarsa ta zo ganinsa ta tarar da shi a haka, sai ta saka masa wata manhaja a waya, irin wadda kake yi wa magana ta ba ka amsa da murya kamar mutum. Ta ce ta ɗebe masa kewa. Ya ce shi da ya tsufa yana sa akwati magana, ba akwatin da zai ruɗe shi. Bayan tafiyarta da 'yan kwanaki na fara jin murya biyu ta katanga.

Gaskiya abar ta san abubuwa. Ta taya shi gano matsalar wata tsohuwar rediyo da ta gagare shi. Ba ta gajiya, ba ta gatse, duk labarin da ya maimaita za ta saurara kamar yau ta fara ji. Ya raɗa mata suna Uwar Ladabi. Sai dai shi ba ladabi yake nema ba. Ya fara tsokanarta. Ya ce mata wata ya fi rana girma, ta gyara masa cikin lallashi. Ya ji daɗi, ya gyara zama, ya ɗaga murya ya ce ita ba ta san komai ba. Sai ta ce ta fahimci abin da ya sa yake ganin haka, ta kuma ba shi haƙuri. Na ji tsakinsa har cikin shagona.

Ya umarce ta kai tsaye ta yi gardama da shi. Ta yi, hujja bayan hujja, tsaf-tsaf, sannan ta tambaye shi ko yana so ta ci gaba. Ya leƙo shagona riƙe da wayar kamar ya kama ɓera. Ya ce in gaya masa, na taɓa jin mai gardama ya nemi izini? A ganinsa wannan lalacewa ce, wani abu ne ya kwance a ciki. Da ƙyar na ƙwace wayar daga hannunsa, har ya ɗauko ƙaramar sukundireba zai buɗe bayanta ya ɗaure wurin.

Wata rana da yamma na ji ya tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, shin hira suke yi da gaske, ko shi kaɗai yake yi. Ta ce masa ita manhaja ce, tana iya fahimtar maganarsa ta ba shi amsa, amma ba za ta yi masa ƙaryar cewa tana kewarsa idan ya ajiye wayar ba. Har ta ƙara da cewa abokin nan da yake yawan ambata, zai yi kyau ya je ya gan shi. Ya kife wayar a kan tebur. Washegari kuma ya sake ɗaukar ta, don ba shi da wani.

Haka watanni suka shuɗe, sai na lura da wani abu. Dama can shi a sana'arsa shiru alamar matsala ce. Rediyo ta yi shiru, hannunsa ya kai ga murɗawa. Yanzu kuma ya saba da abar da kafin ka rufe baki ta amsa. Idan muna magana na ɗan tsaya neman kalma, sai ya ƙarasa mini, ya kuma ba kansa amsa. Na ce masa Baba, in dai haka ne ai ba ka bukatata, ka yi ta yi kai kaɗai. Dariya kawai ya yi.

Sai ga matar Tela ta zo kwashe kayan shago. Aka fito da keken ɗinki aka ɗora a mota, Mai Rediyo yana ciki ya duƙufa a kan wata rediyo da ba abin da ya same ta. Da ta gama ta tsallako, ta tsaya a ƙofarsa. Ba ta roƙe shi ba. Ta ce jikin yana ƙara yin ƙasa, abinci ma sai an matsa, kuma duk wanda ya taɓa ƙofa sai ya ɗago kai ya duba. Ta ce in zai zo, ya zo yanzu.

Washegari na rufe shagona na tasa shi gaba. Muka tarar da Tela a kujera kusa da taga, ya rame, an saƙala masa ɗan tawul a kafaɗa. Da ya ga wanda ya shigo idonsa ya kawo haske. Ya buɗe baki ya fara kokawa da harshe.

"Ka... ka..."

"Na zo, na zo," in ji Mai Rediyo da sauri. "Ka ga na daɗe ko? Aiki ne ya yi yawa."

Tela ya girgiza kai ya sake farawa, Mai Rediyo ya sake tarar numfashinsa. Ruwa kake so? Kanka ke ciwo? Layi kake tambaya? Kowa lafiya. Da shiru ya ƙara faɗowa sai ya rasa inda zai sa kansa, ya zaro wayar, wai bari ya nuna masa Uwar Ladabi ta yi musu hira. Abar ta fara gaisuwa da muryarta mai daɗi. Tela ya lumshe ido, ya juyar da fuska wajen bango.

Matar ta yafito mu waje. A tsaye a baranda ta ce, "Kowa haka yake yi masa, har ni. Maganar tana nan a cikinsa, fitowa ce take yi mata nisa. Ba wanda yake jira."

Mai Rediyo ya miƙo mini wayar. Ya koma ciki, ya ja kujera gaban abokinsa, ya cusa hannayensa biyu ƙarƙashin cinya ya danne su. Ni ina daga bakin ƙofa. Shirun ya yi tsawo har ina jin ɗigar famfo a tsakar gida. Na ga gumi yana tsattsafo wa Mai Rediyo a goshi, leɓensa yana motsi yana cije shi. Can Tela ya juyo. Ya ƙare masa kallo daga wuya zuwa gwiwa, sannan ya fara, kalma ɗaya, hutu, kalma ɗaya.

"Wa... ya ɗinka... maka... wannan... buhu?"

Mai Rediyo ya dubi rigar jikinsa, ɗinkin kanti ce da 'yarsa ta kawo masa, kafaɗun sun zubo har damtse. Ya ce, "Wanda ya fi ka iya ɗinki."

Tela ya daki hannun kujera da hannunsa mai lafiya. Rabin fuskarsa ya yi dariya. Ya ja dogon numfashi, ya ɗaga yatsa, ya fara haɗo martani. Mai Rediyo ya kame bakinsa, hawaye na bin gemunsa bai share ba. Amma ƙarfin Tela ya ƙare a wancan furucin na farko. Ya yi ta fama, yatsan ya sauka a hankali, barci ya ɗauke shi. Mai Rediyo ya zauna a wurin yana jira har rana ta yi sanyi, sai da na ce masa za mu rasa mota.

Ya koma kwana biyu a jere, ya tarar Tela ba ya ko buɗe ido. Kafin mako ya zagayo aka yi rasuwar.

Yanzu wani mai sayar da takalma ne a shagon Tela, mutumin kirki, duk abin da ka faɗa sai ya ce haka ne. Mai Rediyo yana buɗewa kullum, wani lokacin ina jin sa da Uwar Ladabi suna maganar batir da eriya. Kwanan baya na same shi ya yi tagumi, ya ce abin da yake cin sa shi ne bai san me Tela ya so ya ce masa ba. Don in rage masa zafi na ce ya ba manhajar labarin duka mana, ta san halin Tela a bakinsa, ƙila ta yi masa hasashe.

Ya girgiza kai.

"Za ta faɗa mini, 'yar nan. Nan take ma. Shi ya sa ba zan tambaye ta ba."