Baƙar Tukunyar Gwaggon Sama

Gidanta ne na ƙarshe a ƙauyen, can ƙolin dutse inda hanya ta ƙare, shi ya sa kowa ke ce mata Gwaggon Sama. Tun tana amarya aka hawo da ita nan, kuma har ta yi furfura ba ta taɓa yarda cewa hawan da wuya ba. In ka iso kana haki, sai ta miƙo maka ruwan marmaro mai sanyi ta ce, "Sannu, raggon ƙasa."

Ƙauyen tsoho ne. Katangunsa duwatsu ne da kakanni suka jera ba ko ɗigon siminti, gonakin hawa-hawa suke a jikin dutsen, da safe kuma gajimare kan sauko har bakin ƙofa. Mutanen birni sun gano wurin, suna zuwa ƙarshen mako su ɗauki hotuna, su ci abincin ƙauye. Sai dai kullum a gidajen gindin dutse ake sauke su, kuma wannan abu ya daɗe yana ci wa Gwaggo tuwo a ƙwarya. Ita da ba a taro a ƙauyen sai an kira ta bakin murhu, a ce baƙo bai taɓa ɗanɗana girkinta ba?

Ƙanin mijinta ne ke yi wa baƙi jagora. Ta sa shi gaba da mita har ya gaji.

"To, matar yaya, ran Asabar zan hawo miki da su," in ji shi. "Amma in suka sauka da yunwa, kada ki ƙara tayar mini da maganar."

"Ji shi da ƙafafu kamar na zalɓe! Girkin wa ka ci har ka yi gemu?"

A wurin Gwaggo, ba a tarbar baƙo da abin da ake ci kullum, wannan raini ne. Don haka ta sauka har kanti ta sayo taliya da kifin gwangwani da biskit da lemon kwalba. Ta naɗe tabarmi, ta aro kujerun roba. Baƙar tukunyar ƙasa kuwa, wadda a cikinta ta dafa wa mutan gida wake da kabewa da ganyen da take tsinkowa a bakin marmaro, sai ta kai ta bayan ɗaki kusa da turken awaki. Ta ce wa mijinta, wani dattijo mai kiwon zuma, "Malam, yau a can za ka ci. Don Allah kada ka ba ni kunya."

Baƙi suka iso suna share gumi. Suka yaba iska, suka yaba tsaunuka, suka zauna. Da aka buɗe kwanuka sai murnar ta ragu. Kowa ya tsakuri kaɗan, ya ce an gode, ya ajiye cokali. Gwaggo tana tsaye a bakin ƙofa tana bin kwanukan da ido, domin ba abin da ke sosa mata rai kamar abinci ya dawo mata. Ƙanin mijin ya ɗaga kai yana kallon rufin ɗaki.

Cikin baƙin akwai wata ma'aikaciyar jinya, mace mai fara'a. Ta fita wanke hannu, ƙanshi ya ja ta bayan ɗaki, ta tarar da dattijon tsugune gaban tukunya.

"Baba, me kake ci kai kaɗai?"

Shi kuwa mutum ne da ba ya iya kai loma baki wani yana kallo. Ya manta da gargaɗi, ya ce, "Bismillah, 'yata."

Loma ɗaya ta yi ta ƙwala wa sauran kira. Kafin Gwaggo ta zagayo, baƙinta duk sun tsugunna tsakanin awaki da kwanuka a hannu, har da wani mai farin takalmi.

"Wayyo ni!" ta ce, ta dafe kai. "'Ya'yan nan, wannan ai na gida ne, abincin rashi ne!"

"Gwaggo, taliya ai mun baro ta cike da gida," in ji ma'aikaciyar jinya, baki cike. "Wannan muka hawo dutse nema. Akwai ƙari?"

Gwaggo ta dubi tukunyar. Da wannan waken ta raini 'ya'yanta a shekarun da ruwa ya yi gardama, tana tura ƙyaure lokacin cin abinci kada maƙwabta su ga yau ma shi ne. Yanzu ga mutanen birni suna kankare gindin tukunyar, har suna rige-rige. Daɗi ya cika ta, idonta ya ciko.

"Ni fa ban ƙoshi ba," in ji mijin.

"Malam, ga taliya can tana jiranka." Ta juya ga ƙanin mijin, wanda shi ma ya sa hannu tun ɗazu. "Kai kuma, zalɓe, shimfiɗa tabarmi, ka mayar wa mutane kujerunsu."

Ta ɗebo wake ta wanke. Sannan ta sunkuya ta ɗauki baƙar tukunyar, ta ratsa tsakar gida da ita, ta girka ta a ƙofar gida, inda duk mai wucewa zai gani.