Tsinin Allurar Luba

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar da Luba ta kawo mini allurarta a karye ba. Lokacin cirar albasa ne, motocin Aliero suna ta wucewa a bakin titi da buhuna har sama. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun san teburina, kun san ana ce mini Baba Mai Allura, amma ba ku san Luba ba. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta muku.

Ga wanda bai san wurin ba, ma'aikatarmu tsohon sito ne a Jega da aka gyara aka zuba kekunan ɗinki masu lantarki. Kayan wasan jarirai muke ɗinkawa da atamfa, raƙumi da giwa da jaki, a cusa musu auduga a rufe. Ba a nan ake sayar da su ba. Wani kamfani ne a Turai yake saye ta hannun wakilinsa na Legas. Manaja ne a sama, sai Inna Kulu shugabar masu ɗinki, sai matan, wasu daga Jega Magaji, wasu daga Gehuru, har da masu zuwa daga Maiyama. Ni firamare kawai na yi. An ba ni ajiyar allurai ne don an san halina: ni ne mutumin da zai kulle ƙofa, ya kai bakin titi, ya dawo ya sake jan kwaɗon.

Ƙa'idar allura daga masu sayen ta zo. Ba wadda za ta karɓi sabuwa sai ta kawo tsohuwa. Idan ta karye, sai ta kawo guntayen duka, in jera su kusa da lafiyayyar allura in ga tsawo ya cika, sannan in manne su da salatif in ajiye. In tsawo bai cika ba, ba kwalin da zai fita sai an gano abin da ya ɓace. Dalilin a fili yake. Jariri ba ya wasa da raƙumi da hannu kawai, a baki yake sa shi.

Akwai wata ƙa'ida ta biyu wadda ba a rubuta ba. A shekarar an yi ta surutu a can ƙasashen waje kan ma'aikatun kayan wasa da ke nakasa ma'aikata, sai kamfanin ya aiko cewa duk inda aka riƙa samun rauni zai janye cinikinsa. Manaja ya samo tasa dabarar. Duk wadda ta ji ciwo a bakin aiki sai ya ce ta je gida ta huta. Ba mu taɓa ganin wadda ta je hutun ta dawo ba.

Luba 'yar Gehuru ce, matar aure mai 'ya'ya, ba ta da yawan magana. Bayan azahar ta zo gaban teburina ta miƙo guntayen daga ƙarƙashin hijabi da hannun hagu. Raina ya ɗan sosu, don na girme ta. Na jera. Babu tsinin, wato can ƙarshe inda kafar zare take.

Na ce, "Luba, ina tsinin?"

Ta ce, "Ban gane shi ba, Baba."

"Wajen ina yaf faɗi?"

"Ni dai na ji ƙara, keke yat tsaya."

Nan take na sa aka kashe janareta. Muka share ƙarƙashin kekenta, na bi sharar da maganaɗisu, na kwance farantin keken na duba cikinsa. Babu. Abin da ya ƙara ɓata al'amarin shi ne raƙuman da ta ɗinka a ranar an riga an cusa musu auduga an haɗa da na sauran mata, wasu ma sun shiga kwali. Luba ta durƙusa tana taya mu dube-dube a ƙasa har aka tashi.

Muna da na'urar hannu mai ƙara, irin ta masu gadi a ƙofar banki. Na gwada ta da wani ɗan guntun allura da na tura cikin auduga da gangan. Wani lokaci ta yi kuka, wani lokaci ta yi shiru. Na gaya wa Manaja ba zan iya dogara da ita ba, sai dai a farke raƙuman. Ya dube ni ya ce, "Ka san abin da kake faɗa, Malam Sani?" Na ce na sani. Ya ce to in farke, amma ba mai hawa keke sai an gano, kuma ranar da ba a ɗinka ba ba ranar biya ba ce.

Washegari muka fara. Da farko matan da dariya suka ɗauki abin. Wata ta ce, "Baba Mai Allura, raƙumin ga mi yay yi maka kaka yanka shi?" Wata ta ce, "Ku bar shi, yau mahauci na. Baba, a ba ni tozo!" Ni ko murmushi ban iya ba. Kowane raƙumi sai in warware ɗinkin cikinsa, in zaro audugar, in baza ta a faranti, in bi da maganaɗisu, in kuma murza da yatsu. Wanda na gama sai zuciyata ta ce anya ka murza wuyan? Sai in sake ɗaukowa. Abinci ya daina shiga mini. Ina cikin salla sai in ga wani jariri da ban sani ba, a ƙasar da ban taɓa zuwa ba, yana tauna kunnen raƙumi, uwarsa tana kallo tana jin daɗi.

Ran Asabar Luba ba ta zo ba. Aka ce zazzaɓi. Da aka shiga sati na biyu dariya ta ƙare. Mai cewa a ba ta tozo ita ce ta tsaya a kaina ta ce, "Kai albashinka na tahiya, mu ɗiyanmu mi za su ci? Auduga?" Gaskiya ta faɗa.

Ranar ce Manaja ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ce wakilin Legas ya matsa, jirgin ruwa ba ya jiran kowa, in kaya suka makara cinikin ya tafi, mu duka mu koma gida. Sannan ya sassauta murya.

"Akwatinka cike yake da allurai. Ɗauki ɗaya ka karye mata tsini ka manna. Wa zai sani?"

Na ce, "Yallaɓai, na gasken fa yana nan inda yake."

"Wataƙila yana cikin shara, an zubar."

"Wataƙila."

"To?"

Ba jarumta na yi ba. Na ce ya ƙara mini kwanaki kaɗan, saura kwalayen ƙarshe. Ya ce in fita.

Ina kan waɗannan kwalayen ne, da hantsi, mai gadi ya ce ana sallama da ni. Wani mutum ne siriri da ƙurar gona a ƙafarsa. Ya ce shi ne maigidan Luba. Muka gaisa, na tambayi mai jiki. Ya ce tun ranar Larabar nan ta koma gida da ɗan yatsan dama a naɗe, ta ce masa karkare ne. Suka sa shi cikin lemun tsami, suka gasa da ruwan zafi, wanzami ma ya tsaga. Hannu ya kumbura har wuyan hannu, yatsan ya yi baƙi ya fara wari. Sai da ta daina gane mutane suka ɗauke ta zuwa asibiti a Birnin Kebbi. Aka ɗauki hoto aka ga ƙarfe a cikin ƙashi. Likita ya ce yatsan ya riga ya mutu, in ba a cire ba hannun zai bi. Aka yanke yatsan.

Ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar kwalbar magani. "Tac ce in kawo maka wanga. Tac ce ka cika allurarka, a bar mata su koma aiki."

Na koma teburina da kwalbar. Na zazzage tsinin allurar da ke ciki a kan farin ƙyalle, na matsa shi kusa da sauran guntayen. Ya zauna daidai. Na daɗe ina kallonsa kafin in iya yanko salatif.

Manaja da ya gani ya ce alhamdu lillahi. A gabana ya kira Legas ya ce an gano. Na ji an tambaye shi a ina, ya ce a harabar ma'aikata. Aka tayar da janareta, mata suka hau kekuna, aka sake cusa raƙuman da na farke aka rufe. Kafin ƙarshen satin mota ta ɗauki kaya ta bi hanyar Maiyama ta yi kudu.

Ran Juma'a ni da Inna Kulu muka je Gehuru. Luba tana kwance a tabarma, hannun a naɗe bisa matashi. Na gaishe ta daga bakin ƙofa. Inna Kulu ce ta yi mata faɗa, tana yi tana share hawaye: "Ke wace irin ɗiya ta? Ki gani muna hwarke kaya, ki yi kurum?"

Luba ta ce, "Inna, ina jin shi ciki tun ranan. Niy yi zaton shi hito da kainai." Ta juyo wajena. "Baba, da nic ce maka yana hannuna, da an ce in tai in huta."

Na ce, "Haka na."

"To ka gani."

Ta tambaya ko kaya sun tafi. Na ce sun tafi. Ta ce madalla. Daga nan ta tambayi Inna Kulu ko za a riƙe mata kekenta, don tana ganin da yatsu huɗu ma za ta iya tura atamfa. Inna Kulu ta dubi ƙasa. An riga an ba wata tun ran Talata.

Luba ba ta dawo ba. Na yi wa Manaja magana sau da dama, ya ce tana hutu. Mata sun haɗa mata abin da ya sawwaƙa, shi ke nan.

Abin da na koya shi ne, ƙa'idar allura gaskiya ce, kuma har gobe ba zan bar kwali ya fita da tsini a ɓace ba. Jaririn can ɗan mutane ne. Amma an tsara komai don a kare wanda zai riƙe raƙumin, ba a tsara komai ba don wadda ta ɗinka shi, kuma mace mai 'ya'ya a gida za ta iya ɓoye abin da ba ku zato in dai faɗarsa zai raba ta da aiki. Zancen hutun nan har yau ba a soke shi ba. Don haka idan kuna bakin aiki kuka ji keke ya tsaya farat ɗaya, kada ku zauna kuna jiran mai keken ta kawo mini allura. Ku kira Inna Kulu, ku tashi ku je wurin.