Goggo Rifkatu da Iyayen Goyo

Da sassafe Goggo Rifkatu kan share tsakar gida, ta dama koko tana rera waƙar sujada ƙasa-ƙasa. In rana ta take, sai ta shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, matan Kirista na ƙauyensu kusa da Gagarawa su kawo mata goyonsu, su je su ɗan miƙe baya. Bana ta sauka daga shugabancin zumuntar mata saboda ciwon ido.

A shekarar fari ta 1973 maza sun watse ci-rani, aka bar mata da yara da rijiya mai nisa. Sabuwa, wadda mijinta Ubale ya tafi dako Maigatari, ta mari 'yarta saboda ta fasa tulu, har kunnen yarinyar ya yi jini. Ta zo wurin Goggo ta ce za ta rarraba yaranta ga dangi.

"Goggo, tsoron hannuna nake ji. Addu'a ma ta gagare ni. Yaushe zan zauna in yi ta?"

"Wa ya ce sai kin zauna, 'yata? In kina jan guga, ki ce, Ubangiji ka riƙe ni. In za ki goya yaro, kira sunansa ki sa masa albarka. In ranki ya ɓaci, ajiye abin da ke hannunki, ki sha ruwa tukuna."

Goggo ba ta tsaya a baki ba. Ta wanke wa yarinyar kunne, kuma kullum da rana yaran suna wurinta har damina ta faɗi. Ubale ya dawo ya tarar da iyalinsa a haɗe. A'i mai nono, Musulma maƙwabciyar Goggo, ta ce mini, "Ba ta tambayar ɗan wa ne. Nawa ma a gabanta ya fara rarrafe."

Goggo, ke ce inuwar masu goyo. Ke ce kika nuna musu cewa Allah yana jin mace ko da muciya a hannunta. Mun gode, Ubangiji ya saka miki, ya sawwaƙe idon.

Kaka ta kusa, aiki zai sake yi wa mata yawa. Wadda ta yaye nata ta leƙa gidan mai goyo. Kada ta fara da tambayar ko an yi addu'a. Ta karɓi taɓaryar.