Auta da Ciyawar Ruwan Farko

Ƙanwata Auta shara aka ɗauke ta yi a wata babbar gonar tumaki, shara kawai. Amma ita ba ta share kashin tunkiya sai ta tsuguna ta duba shi. Tun tana ƙarama haka take da tumakin Inna guda biyu. Ta kalli kashi, ta kara kunne a cikin dabba, ta ce wannan jiya ba ta yi tuƙa da kyau ba. Muna yi mata dariya, muna ce mata likitan bayan gida.

Shekararta huɗu a gonar aka kawo sabon manaja, mai takarda, takalminsa ƙal. Ya sayo wasu dogayen tumaki masu lafta-laftan kunnuwa daga nesa, guda ashirin. Duk rani Auta na cika musu rabin duro da harawa da dusa.

Sai ruwan farko ya sauka, fili ya yi kore shar. Da sassafe manaja ya zo ya ce a buɗe ɗakunan tumakin duka a sake su.

Auta ta jingine tsintsiya. "Yallaɓai, raɓa ba ta bushe ba, kuma cikinsu ba komai. Gajerun nan namu ma, da suka saba da ciyawar, sai na fara ba su busasshe. Dogayen kuwa wata biyar rabon su da ɗanye. Tumbinsu ba zai ɗauka ba."

"Ikon Allah! Mai shara ce za ta koya mini kiwo? A wace makaranta kika karanta tumbi?"

"A nan, yallaɓai, a tsugune."

Ma'aikata suka ƙunshe dariya. Ran manaja ya ɓaci, ya ce ko ta buɗe, ko ta ajiye tsintsiya ta kama hanya. Ga ta da 'ya'ya uku a gida, aikin nan ne cinsu. Amma ta ce ba da hannunta ba. Shi ya zare sakatar ɗaki ɗaya da kansa, dogaye biyar suka fice a guje. Ita kuma ta yi maza ta zuba wa sauran harawa, ta je ɗaure kayanta.

Kafin rana ta take, biyu sun kumbura ta gefen hagu, tam kamar an hura su. Ɗaya ta faɗi, ko shurawa ba ta yi ba. Auta tana bakin ƙofa da ƙunshinta ta ji ihu. Ta yar da shi, ta ruga kicin ta ɗauko kwalbar man girki, ta ɗura wa ta biyun a hankali. Ta ɗora ƙafafunta na gaba a kan bulo, tana murza cikin, tana cewa, "Yi gyatsa, uwar gayu, yi mana." Can sai ga gyatsa, doguwa, mai wari. Wallahi har tafi aka yi!

Manaja na tsaye, takalmi duk taɓo. Ya yi gyaran murya.

"Auta... gobe ƙarfe nawa za a buɗe musu?"

"Sai rana ta ɗaga, yallaɓai, bayan sun ci harawa. Awa ɗaya tak, jibi a ƙara kaɗan."

Ya zaro biro ya rubuta a tafin hannunsa.