Benci Ɗaya da Malamina

Ranar Asabar ɗin da na fara zuwa kwas ɗin ƙaro ilimi, a makare na isa. Goyona ya kwana da zazzaɓi, sai da na kai shi wurin ƙanwar mijina kafin na nufi sakandaren da aka ara mana a cikin garin Jibiya. Na shiga da sallama, na tarar layin mata ya cika maƙil. Can baya na hango benci mai mutum ɗaya, na nufe shi, har na aje jakata. Sai mutumin ya ɗago kai.

Malamina ne na aji ɗaya.

Ban san sa'ad da na durƙusa ba. "Malam, ina kwana? Kai za ka koyar da mu?"

Ya ɗaga mini sabon biron da ke hannunsa. "A'a ɗiyata, ni ma ɗauka na zo yi. Tashi ki zamna, ana kallon mu."

Na zauna a bakin bencin kamar mai zama kan ƙaya. Har aka tashi ban ji kalma ɗaya daga abin da aka koyar ba.

Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, ita ce shekarar da aka sa ni makaranta a ƙauyenmu, gefen Bugaje. Yara sun yi yawa, malamai babu, sai aka kwashi samarin da suka gama firamare aka yi musu horon gaggawa, aka rarraba su ƙauyuka. Shi aka kawo mana, ko gemu bai tsayar ba. Shi ne ya sa ni na ɗora hannu bisa kaina na taɓo kunne, ya ce na isa shiga. A rumfar zana ya koya mana karatu. In muka je biki wurin danginmu na tsallaken iyaka, 'ya'yansu masu zuwa lakwal, makarantar Faransanci, su yi ta cika baki da mushensu, wato malaminsu, ni kuwa in rantse musu babu abin da ke duniya wanda Malam bai sani ba.

Daga baya na bi sahunsa. Na yi kwalejin horon malamai mata, na fito da Gired Tu, na kama aiki. Shi ma da ƙyar da jiɓin goshi ya samu tasa Gired Tu ɗin yana kan aiki. Muna zaune aka ce wannan takarda ta daina ci, NCE ce mafi ƙanƙantar shaidar da za a shiga aji da ita. Kwalejojin da suka horar da mu ma an mai da su sakandare. Wanda ba shi da sabuwar takarda ya nemo ta, ko ya ba da wuri. Abin da ya haɗa ni benci ɗaya da Malam ke nan.

A Asabar ta gaba, mai koyar da mu, wani matashi da bai daɗe da fitowa jami'a ba, ya ce a riƙa karanta darasi da ƙarfi, layi bi layi. Ba da mugunta ya yi ba, bai san kowa a cikinmu ba. Da aka zo kan Malam ya miƙe, ya gyara hula, ya kai littafin kusa da fuskarsa. Layin farko ya wuce lafiya. A na biyu ya ci karo da wata doguwar kalmar Turanci, ya sara ta biyu, ya dawo, ya sake sarawa. Wani a gaba ya tuntsire da dariya, wasu suka taya shi. Malam ya rufe littafin ya zauna.

Ba dariyar ce ta fi girgiza ni ba. Kalmar nan na san ta, kuma ban taɓa kawowa a raina akwai abin da zan sani Malam bai sani ba.

Da aka tashi ya same ni gindin dalbejiya ina jiran abin hawa.

"Kin ga abin da ya faru," ya ce. "Turancin da aka ba mu na aji ɗaya ne da na biyu, da shi nake ta juyi tun kuna yara. In kina da hali, ki riƙa fassara mini abin nan da Hausa."

"Malam, ni in koya maka?"

"To wa zan roƙa? Mai dariyar?"

Haka muka fara. Bayan kowane darasi mu zauna gindin bishiyar nan. Ranar farko na shimfiɗa gefen mayafina a ƙasa, ya ce in na zauna ƙasa shi ma tafiyarsa zai yi, dole na hau benci. In na warware masa darasi da Hausa, nan take ya kama, har ya kawo misali da wani yaro da ya taɓa koyarwa. Amma in aka ce ya mai da shi Turanci a takarda, sai biro ya tsaya. Ga gona tana jiransa, ga iyali, ga ido ya fara rauni.

Muka yi shekarun kwas ɗin muka gama. Na ci. Shi ya faɗi darussa da dama, ya sake zama, ya sake faɗuwa. Bai ƙara komawa ba.

Ba a daɗe ba aka kira ni ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, aka ce an mai da ni makarantar ƙauyenmu. Na yi murna, zan koma kusa da innata. Sai da na isa hedimasta ya nuna mini ajin da zan riƙe: aji ɗaya. Na ce ai ajin Malam ne. Ya kau da kai, ya ce umarni ne daga sama, marasa takarda su fita daga aji. An bar masa kaɗa ƙararrawa da kula da tsaftar fili har lokacin ritayarsa ya yi.

Ban shiga ajin ba. Na zagaya bayan ofis na same shi yana nuna wa yara inda za su share.

"Malam, wallahi ban sani ba. Yanzu zan koma Jibiya in ce ban iyawa."

"Ki ce musu mi? In kin ƙi, wani za su kawo wanda bai san gidan kowa ba a garin nan." Ya sa hannu aljihu ya ciro guntayen alli ya zuba mini a tafi. "Akwai wata 'yar ƙarama mai zama bakin taga, kunnenta na hagu bai ji sosai, ki dawo da ita gaba. Tahi, Malama, suna jiran ki."

Bai taɓa ce mini Malama ba sai ranar. Na shiga ajin, yara suka miƙe suka gaishe ni, wani ya ce, "Ina Malam ɗinmu?" Na juya ga allo kamar zan yi rubutu don kada su ga fuskata.

Shekarun da suka biyo baya, yana waje ina ciki. Bai taɓa leƙo ajin ba, ko sau ɗaya. Da ya yi ritaya ya koma gonarsa, sai da zaman ƙauye ya gagara saboda rashin tsaro ɗansa ya ɗauko shi ya dawo da shi cikin gari.

Ina dab da tawa ritayar aka tara mu taron bita, aka ce sabon tsari ya zo: daga yanzu da harshen uwa za a koyar da yaran firamare. Na dubi matasan malaman da ke kewaye da ni, kowa da NCE ɗinsa, amma da aka ce a rubuta jimla biyar da Hausa, da yawa ba su san inda ake sa lanƙwasa a baƙi ba. Ba laifinsu ba ne, ba wanda ya taɓa neman hakan a wurinsu.

Da yamma na je na gaya wa Malam. Yana zaure kan tabarma, idon ya kusa tafiya gaba ɗaya. Ya ce, "Da Hausa? Gwamnati da bakinta?" Na ce da bakinta. Ya ce in akwai mai so, in turo shi.

Na tura masa uku daga makarantarmu. Yana faɗa suna rubutawa, su karanta masa ya gyara da kunne. Wani lokaci shi ma ya rikice a kan raba kalma, su yi ta gardama har a kira sallah. Ɗansa ya ce mini tun da suka baro ƙauye bai ga uban yana cin abinci da daɗi irin na watannin nan ba.

Littattafan sabon tsarin ba su kai ga isowa makarantarmu ba, aka sanar a rediyo an soke shi, an koma Turanci tun daga aji ɗaya. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji. Na aje rariyar, na zauna riƙe da baki, har jikata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Na ɗauki mayafi na tafi, ina ta saƙa yadda zan faɗa masa. Ashe ya riga ni ji, rediyon na gefensa.

"Biyu sun aiko ba su samun zuwa," ya ce. "Ita ta ukun ta ce tana nan tahe bayan la'asar, wai ta fara rubuta wa kakarta tatsuniyoyi, tana son a duba mata."

"Malam, abin nan bai dame ka ba?"

"Ya dame ni mana." Ya lalubo buta ya jawo ta kusa. "Leƙa ciki ki ce su kawo wata tabarmar, wannan ta yi mana kaɗan."