Takardun Farfesa Ma a Buhun Masallaci

A duk otal-otal ɗin unguwar Misfala ta Makka babu mai gyaran ɗaki irina, kuma ba yabon kai ba ne. Ɗakin da na share, ko ƙuda ya shiga sai ya nemi izini. Shekara goma ina mushrif, wato shugaban masu gyaran ɗakuna, ban taɓa ɓatar wa alhaji da ko allura ba. Ranar da ba ta fita raina ita ce wadda na kusa ɓatar wa mutum da aikin shekara talatin, kuma da alwalata na yi.

Ga sababbi, ga yadda aikinmu yake. Baƙi na fita Harami sallar Azahar mu shiga ɗakuna. Abin da ke kan gado ko tebur ba a taɓawa. Abin da ke ƙasa kuwa namu ne mu kawar.

Cikin watan Rajab aka saukar mana da wani dattijo Musulmi daga ƙasar Sin, Farfesa Ma, siriri, mai farar hula, yana Larabci a hankali kamar ana karanta littafi. Mudirinmu, wato manajan otal, Ustaz Fahad, Bahaushe ne haifaffen Makka, Hausarsa rabi Larabci. Ya kira ni ya ce, "Ya Ammu Tanimu, wannan duktur ne kabir. Ɗakinsa kai da kanka." Na bugi ƙirji na ce an gama.

Ina buɗe ƙofar na ja da baya. Daga bakin gado har ƙofar banɗaki, ƙananan takardu ne kamar tafin hannu, shimfiɗe layi-layi, duk da rubutun Larabci. A ƙasa! Inda ake takawa! Ni da mahaifina ya taɓa marina a Kano don na tsallake yagaggen shafin Alƙur'ani. Ban tsaya karantawa ba. Na yi alwala, na durƙusa da wannan tumbin nawa, na tsince su ɗaya bayan ɗaya ina istigfari a madadin bawan Allah. Na fesa musu turare, na kai su akwatin ƙarfen nan na jikin masallacin unguwa, inda ake zuba tsofaffin Mushafai da duk takarda mai sunan Allah, mota ta zo ta kwashe. Bakin akwatin ƙarami ne, sai da na riƙa tura su kaɗan-kaɗan. Na dawo ina jin kaina kamar waliyyi.

Bayan La'asar aka ce mudir na nemana. Na tarar da Farfesa zaune a bakin gado, hula a hannu, yana kallon tayil ɗin da na goge yana sheƙi. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Ustaz Fahad ya ce, "Fen waraƙ, ya Ammu? Ina takardu?"

"Na girmama su, ranka ya daɗe."

"Ka girmama su ina?"

Nan aka fahimtar da ni. Ashe Musulmin yankinsu suna rubuta harshensu da baƙaƙen Larabci, kamar ajaminmu. Shekara talatin Farfesa yana bin ƙauyuka, yana roƙon tsofaffi su buɗe masa akwatunansu, yana kwafe waƙoƙin da alhazansu na da suka rubuta a hanyar Makka. Yawancin tsofaffin sun rasu, wasu asalin takardun sun ruɓe. Abin da na tsince shi ne kaɗai ya rage. Ya zo da su ne don ya gwada wuraren da waƙoƙin suka ambata da idonsa, tebur ya yi masa kaɗan, ya shimfiɗa a ƙasa.

Jama'a, ban san ina da gudu ba sai ranar. Na wuce alhazai kamar an harbo ni, mudir na biye yana riƙe da tobinsa, doguwar rigar nan ta Larabawa, Farfesa a baya da silifas ɗin banɗaki. Muka tarar da akwati wayam. Ladan, wani dattijo Basakkwace, ya ce, "Yanzu ag ga motat ta tashi. Hindawiyya taka yi, in kun hanzarta."

Muka faɗa tasi. Na ce wa direba in ya taka birki Allah ya isa. A masallaci na biyu a Hindawiyya muka hango motar, mai ita yana ɗaure buhu. Na dira tun tasi ba ta gama tsayawa ba, na rungume buhun kamar ɗan'uwana da ya dawo daga yaƙi.

Mutumin ya ce mamnu', wato an hana, abin da ya shiga buhun nan ba ya fita. Mudir ya yi magiya, na rantse har da kabarin kakata, ya ƙi. Sai Farfesa ya hango wata takardarsa ta leƙo daga bakin buhu. Ya zare ta, ya karanta, sannan ya fassara da Larabcinsa na littafi: wani alhaji ne a tsakiyar hamada yake kewar taliyar matarsa, yana lissafa barkono da tafarnuwar da take sawa.

Mai mota ya zaro ido. "Taliya? A cikin Mushafai? A'uzu billahi! Ku fitar da su yanzun nan!"

Shi da kansa ya zazzage buhu uku a kan tabarma mai tsabta. Mu huɗu muka durƙusa muna tsinta har aka kira Magariba. Duk wadda aka samu, Farfesa ya shafa ta ya faɗi sunan tsohon da ya ba shi da sunan ƙauyen. A kan wata ya tsaya, ya ce ta kakarsa ce, ya share ido da hula. Ba ko ɗaya da ta ɓata. Jerin ne na wargaza, kwana huɗu ya yi yana mayar da shi, ni kuma ina gadin ƙofar daga waje kamar soja.

Tun daga nan nake gaya wa kowane sabon ma'aikaci: ƙasan ɗaki ma wurin aikin wani ne. Ka ga abin da ba ka gane ba, rufe ƙofa ka je ka tambaya, komai kyawun niyyarka.

Ranar tafiyarsa na ɗaukar masa jaka har mota, ina ba ma'aikata labarin yadda na ceci adabin ƙasar Sin da hannu ɗaya. Farfesa ya kama hannuna biyu, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ya Shaihu Tanimu, ka zo ƙasarmu. Zan kai ka gidana, zan kai ka masallacinmu, matata za ta yi maka taliya. Amma ɗakin karatuna, daga taga za ka gan shi."